Amsa ga Malam Sani: kada a yi wa tsutsar kaɗanya feshi

Malam Sani, ka ce tsutsa ta yi wa kaɗanyun gonarka a Doguwa tas, kana tambaya ko ka yi feshi, ko ka sayar wa masu gawayi tun ba su bushe ba. Don Allah kada ka yi ko ɗaya. Itacen nan bai mutu ba, cikin 'yan makonni zai sake toho.

Wani babban malam-buɗe-littafi na dare ne ke saka ƙwai a rassa farkon damina. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta yi kamar wata ɗaya da rabi tana cin ganye, sai ta sauko wajen Yuli zuwa Agusta ta shige ƙasa a gindin itacen. Ba ta nisa, 'yan yatsu ne kawai. Nan take kwanciya har wata daminar. Baƙin kashinta da kake gani zube a ƙasa kuwa taki ne kyauta.

Nan Kano ba mu cika cin tsutsar ba, amma a ƙasar Nufe, wajen Bida, abin sayarwa ce. Da asuba ake tsince ta in ta sauko, a wanke, a tafasa da gishiri, a shanya ta bushe ƙayau. In da sauran danshi aka zuba a buhu, fumfuna za ta yi. 

Abin da ke kashe kaɗanya daban ne. Gatari ne, da gobarar rani, da kauci. Kaucin a sare reshen da ya kama, ƙasa da wurin kumburin, don in aka tsinke ganyensa kawai sake fitowa yake. Kada a tara karan dawa a gindi a cinna wuta. In ana huɗa, a bar taku biyu ko uku kewaye da gindi, don garma na farke tsutsotsin da ke kwance a ƙasa.

Maye gurbi shi ne wahalar. Kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ƙwallonta ba ya jure ajiya, ɗanye ake shukawa cikin 'yan kwanaki da faɗuwa, kuma a inda ake so ta zauna, domin saiwarta miƙewa take ƙasa, dashe ba ya karɓarta sosai. Mafi sauƙi, 'yan tsiron da suka fito da kansu a gona a kafa musu alama, a kewaye da ƙaya saboda awaki.