Allurar rage ƙiba: shin asibitin gwamnati zai ba ni?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar firamare ce a Daura, shekarata 41, 'ya'yana biyar. Tun haihuwata ta uku jikina yake ta buɗewa, yanzu nauyina kilo 112, tsayina kuma an auna mita 1.62. Ina shan maganin hawan jini, gwiwoyina sun matsa mini, har wani lokaci a zaune nake sallah. Ƙanwar maigidana da ke aure a Ingila ta ce asibitin gwamnati ne ya ɗora ta a kan wata allura, Mounjaro, sau ɗaya a mako, kuma ta zube sosai. Ni ma duk wata ana cirar kuɗin lafiya a albashina. Zan iya samun irinta a asibitinmu? In ba za a samu ba, akwai wata mai sayarwa a WhatsApp, kuma wata mai zuwa ne kwasata a adashi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, don kada in ja miki rai. Babu wani shiri a asibitocin gwamnatinmu da ake raba allurar rage ƙiba kamar yadda ake yi a Ingila. Kuɗin adashin nan kuma ki riƙe abinki tukuna. Amma kada ki tsaya a nan, domin akwai abin da asibitin gwamnati zai yi miki wanda ya fi allurar nan gaggawa a halin da kike ciki.

Mu fara da lissafin jikinki. Ma'aunin da muke amfani da shi, BMI, nauyi ne a kilo a raba shi da tsayi sau tsayi. Kilo 112 a kan mita 1.62 ya ba da kusan 43. Daga 30 ake kiran abin ƙiba a likitance, daga 40 kuwa an shiga mataki mafi tsanani. Ga hawan jini, ga gwiwa. Saboda haka ba son kwalliya ya sa ki tambaya ba, lalura ce, kuma duk wanda ya ce miki "ai ƙiba alamar hutu ce, mijinki ya iya kiwo" ba shi ne yake dafa bango kafin ya miƙe daga sujada ba.

Alluran nan ba tatsuniya ba ne. Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa na sakin wani sinadari, GLP-1, wanda yake gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya rage saurin da abinci ke barin tumbi, ya kuma taimaka wajen samar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini. Na jiki minti kaɗan yake yi ya lalace. Masana suka ƙera irinsa mai kwana bakwai yana aiki. Ozempic da Wegovy maganin cikinsu ɗaya ne, na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak: na farko Amurka ta amince da shi a 2017 don ciwon suga, na biyu a 2021 don ƙiba, da awo mafi yawa. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly ne na Amurka, shi sinadarai biyu yake kwaikwaya, ya fito a 2022. Akwai kuma Saxenda, tsohon cikinsu, wanda kullum ake yi. Ba sa narkar da kitse kamar yadda masu talla ke faɗa. Yunwa suke kashewa. Mai cin malmala uku sai ya tarar ɗaya ta ishe shi, kwaɗayin fanke da la'asar ya ɗauke.

A babban gwajin da aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi mako 68 a kan maganin Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. A jikinki, wajen kilo 17 ke nan, ki dawo 95. Na Mounjaro, a awo mafi girma cikin mako 72, ya kai kusan kashi 21. Babu wani maganin rage ƙiba da muka taɓa samu a baya da ya kama ƙafar wannan, kuma ni ina cikin likitocin da suka yi murna da zuwansa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mutanen wancan gwajin na farko, da aka tsayar musu da allurar aka bi su shekara guda, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Yunwar da aka danne tana nan, ana ɗaga mata ƙafa sai ta tashi. Wato allurar 'yar'uwar maganin hawan jininki ce, ba irin maganin zazzaɓin da ake sha kwana uku a ajiye ba. Kuma ba a farawa da cikakken awo. Wegovy daga miligiram 0.25 ake tashi, kowane mako huɗu a ƙara, 0.5, sai 1, sai 1.7, kafin a kai 2.4 a wata na biyar. Allurar a cikin roba mai kama da alƙalami take zuwa, kuma alƙalamin wata guda a kantin magani na gaskiya ya fi mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 nesa ba kusa ba, tunda da dala ake shigo da shi. Yanzu ki auna: kuɗin adashinki wata nawa za su saya? In biyu ne ko uku, za su ƙare kina kan matakin sabawa, kin sha tashin zuciya, kin rage kilo huɗu ko biyar, kafin shekara ta zagayo sun dawo. Ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Batun ƙanwar maigidanki gaskiya ne, sai dai ba ta ba ki labarin duka ba, wataƙila don ba ta ɗauka da muhimmanci ba. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, da haraji ake tafiyar da ita, kuma ita ma kuɗin allurar ya fi ƙarfinta ta ba kowa. An ƙiyasta mutum miliyan 3.4 ne suka cancanci Mounjaro a can, amma aka tsara mutum 220,000 kawai a shekara uku na farko. Da likitocin unguwa suka fara rubuta ta a watan Yunin 2025, sharaɗin shi ne BMI 40 zuwa sama (ga baƙar fata an sauko da shi 37.5, don cutar suga na kama mu da ƙaramin nauyi), sannan mutum yana da aƙalla huɗu cikin cututtuka biyar: suga, hawan jini, ciwon zuciya, yawan kitse a jini, da ɗaukewar numfashi a barci. Ke ɗaya kika ambata. Da a can kike, a wannan zagayen farko sai an ce ki jira.

A nan gida tsarin daban ne. Kuɗin da ake cira a albashinki na taimakekeniyar lafiya ne, ma'aikatan jiha suna ƙarƙashin hukumar jihar Katsina, na tarayya suna ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Dukansu da jerin magunguna suke aiki: abin da ke cikin jerin shi ake biya, kuma an gina shi ne a kan magunguna masu sauƙin kuɗi da jama'a suka fi buƙata, irin na hawan jini da na suga da na zazzaɓi. Allurar da kuɗinta na wata ɗaya zai sayi maganin hawan jinin mutum da yawa ba irin abin da asusun ke ɗauka ba ce. Haƙƙinki ne ki je teburin inshora na asibitin da kika yi rajista ki ce a nuna miki jerin, ki gani da idonki. Akwai ɗan haske a gaba: a watan Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka waɗannan allurai cikin jerin muhimman magunguna, ga masu ciwon suga da ke da ƙiba da kuma ciwon zuciya ko na ƙoda, kuma haƙƙin mallakar maganin Ozempic yana ƙarewa a ƙasashe irin su Indiya da Sin a 2026, abin da ke buɗe wa kamfanonin can ƙofar yin nasu mai rahusa. Da haka magungunan ƙanjamau suka sauko har suka iso mana.

Yanzu abin da katinki zai saya miki. Ki je sashen ganin likita na yau da kullum, ki faɗi ƙarara cewa nauyinki ne ya kawo ki, ba gwiwa kaɗai ba, don in kika ce gwiwa, maganin ciwo za a rubuta miki ki tafi. A duba sugan jininki da azumi, in da hali a yi gwajin HbA1c mai nuna sugan wata uku. A duba kitsen jini, ƙoda, hanta, da halittar nan ta gaban wuya, tayirod, wadda in ta yi sanyi take kawo ƙiba da kasala. Ki tambayi maigida ko kina minshari har numfashi ya ɗauke. Mata da yawa masu nauyinki suna yawo da suga ba su sani ba, kuma in an same shi lissafin ya canza: akwai metfomin, maganin suga mai araha, yana cikin magungunan da ake samu a ko'ina, ba ya ƙara ƙiba, yakan ma rage kaɗan. In abin ya buƙaci ƙwararre, a ba ki takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ki ga likitan ciwon suga da kuma masanin abinci.

Akwai tambayar da nake yi wa kowace mace a irin wannan zama, kuma sai na rufe ƙofa nake yin ta: kin taɓa shan maganin ƙara ƙiba? Sha-ka-fashe, ko deksa, ko haɗin da ake ba amare da masu jego don su yi ɓulɓul? Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina fuska ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya yi gaba, ƙafafu sirara, fatar cikin ta tsattsage ja. Sai a zama na biyu ta ciro ƙullin leda daga jaka, ƙananan ƙwayoyi farare irin deksa da take sha shekara biyu saboda ciwon gwiwa, wani mai kemis ya haɗa mata. Su ne ƙibar, su ne hawan jinin. In kina shan irinsu kada ki yanke rana ɗaya, yana da haɗari, ki kai wa likita ya janye miki a hankali. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma takan ƙara wa wasu nauyi, ki ambata in kina yi.

Mai WhatsApp kuwa, a'a. A 2023 an kwantar da mutane a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, ashe insulin aka zuba a alƙalamin aka sake masa takarda, suga ya faɗi warwas. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Inda ake da tsaro ke nan. Ko ta gaskiya ce, allurar sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, kuma ko bayan an fitar da ita daga firji ba a yarda ta wuce digiri 30 ba. Ki tuna zafin Daura a watan Afrilu, ya haura 40. Alƙalamin da ya kwana a but ɗin mota daga Legas, ya yini a tasha, ya zo gidan da wuta ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba, ruwa ne kawai a cikin roba mai kyau. Kuma mai sayarwar ba za ta tambaye ki abin da likita zai tambaya ba: ko kina da ciki ko kina nema (a shekara 41 ba a cire rai ba, kuma maganin Wegovy sai an bar shi da wata biyu kafin ɗaukar ciki), ko kina shayarwa, ko an taɓa samun wani nau'in kansar tayirod a danginku, ko kin taɓa kumburin gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar madaciya. Mounjaro kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa ta sha a makonni huɗu na farko da duk lokacin da aka ƙara awo.

In bayan gwaji likita ya ga ta dace da ke, kuma kun zauna da maigida kun ga za ku iya ɗaukar kuɗin aƙalla shekara guda ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba, to likitan asibitin gwamnati zai rubuta miki, ki saya a kantin magani mai rajista da firji mai aiki, ki duba lambar NAFDAC, shi kuma ya riƙa bibiyarki. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida su ne aka fi gani, yawanci a farko. Ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, wannan na gaggawa ne. Kada a fara ko a ƙara awo ana gab da azumi, don amai da ƙishirwa a kan maganin hawan jini na iya taɓa ƙoda.

Kafin nan, kada ki raina kashi biyar cikin ɗari. A jikinki kilo shida ne bai cika ba, amma ya isa hawan jini ya sassauta, gwiwa ta ji bambanci. Ban ce ki bar tuwo ba. Ki fara da abin sha, nan ɓarnar take ɓuya: lemon kwalba, shayin safe mai cokali uku na sukari da madara, furar da aka dama da sukari har ta kashe tsamin nono, zoɓon biki. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi goma. Malmala ta koma ɗaya, miya ta yi yawa, kwaɗon zogale ko rama ya cinye rabin kwano, wake da ƙwai da awara su riƙe miki ciki, taliyar dare ta tafi hutu. Tafiya kuma minti goma bayan kowane cin abinci, ko a tsakar gida, tunda gwiwa ba za ta ɗauki doguwa ba yanzu.

Ranar da za ki asibiti ki tafi da azumin safe saboda gwajin suga, ki riƙe katin inshorarki, ki juye duk wani abu da kike sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya har da na gyaran jiki, ki ajiye shi a teburin likita.