Ramin bugu uku ba tare da yashi ba

Malam, ka tambaya ko ramin bugu uku a golf, wato ramin da ake sa ran kammalawa da bugu uku, zai yi wuya in babu kwarin yashi, wato tarkon yashi da ƙwallo ke faɗawa. Sosai ma. Tsohon filin Royal Ashdown Forest a Ingila ba shi da kwarin yashi ko ɗaya, rafi ne ke tsare raminsa na 6.

In babu ruwa, ɗaga dandamalin da ramin yake kamar mita ɗaya, ka aske ciyawar gefensa ƙwal, duk ƙwallon da ya kauce sai ya gangara. Wurin kafa tuta kuwa kada gangarensa ya wuce kashi 3 cikin 100, in ya wuce ƙwallo zai yi wuyar tsayawa. In kuma za a yi kwarin ciyawa a maimakon na yashi, a binne masa bututun magudana a gindi. Galibi nan ake sakaci, da damina ta kankama sai ya koma taɓo.