Amsa ga ƙaninmu da babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya ƙi zauna masa

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ce kana karatun kiwon lafiya a Jahun, saura mako shida jarrabawa, ka haddace babin ƙwaƙwalwa da laka har sau uku amma da gari ya waye sai ya zube, ga shi a ƙauyenku babu wutar da za ka raba dare kana bita. Ba kanka ne ba ya ja ba. Hanyar ce ba ta dace da babin ba. Ƙasusuwa 206 suna haddatuwa, amma jijiya sai an bi ta daga tushe. Kowace ka ɗauka ka yi mata tambaya uku: daga ina ta fito, ta ina ta bi, me zai samu mutum in ta lalace. Ta ukun ita ce ke riƙe maka biyun farko, kuma ita malamai suka fi so.

Kafin nan ka gyara abu ɗaya. Mu da Hausa komai jijiya ne: mai kai jini, mai dawo da shi, mai ɗaukar saƙo, har wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. A takardar jarrabawa abubuwa huɗu ne daban. Ka fahimta da Hausa, amma sunan ka rubuta shi harafi-harafi yadda yake a littafinka.

Lissafin da ba makawa ka riƙe ba shi da yawa. Jijiyoyin da ke fita daga kai tagwaye 12 ne. Na laka tagwaye 31: wuya 8, ƙirji 12, kwankwaso 5, ƙashin mazauni 5, na ƙarshe 1. A nan ake yawan faɗuwa, don ƙasusuwan wuya 7 ne amma jijiyoyinsa 8. Dalili shi ne ta farko tana fita ta saman ƙashin farko, ta takwas kuma ta ƙasan na bakwai. Laka kanta ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, a babba tana tsayawa wajen ƙashin kwankwaso na farko zuwa na biyu, wato L1 zuwa L2. Shi ya sa in lokacin zafi ya kama, aka kawo yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ana zargin sanƙarau, ake ɗibar ruwan baya tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5, inda allura ba za ta taɓa laka ba. Ruwan nan kusan mililita 150 ne a jikin babba, kuma ana samar da kusan 500 a yini, wato yana sabuntawa wajen sau uku. Tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wanda ciwon ke kamawa, hawa uku ne. Ka ga daga sanƙarau kaɗai ka kwashi amsa huɗu.

Yanzu ka ɗauki mutum biyu da kowa ya sani a karkara: dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da wanda shan inna ya kama tun yana yaro. Dukansu ƙafa ba ta aiki, amma ba wuri ɗaya aka samu ɓarnar ba. Na farko a sama take, cikin ƙwaƙwalwa. Bayan an kwana biyu gaɓarsa takan yi tauri, in ka buga ƙasan gwiwa ta zabura fiye da kima, in ka ja abu a tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama. Kuma da yake hanyar saƙon motsi tana gittawa a medula, can gindin ƙwaƙwalwa, rauni a hagu dama yake shanyewa. Na biyu ƙwayar cutar ta cinye ƙwayoyin motsi ne a gaban laka, saboda haka ƙafar ta yi laɓo-laɓo, ta rame, ba ta zabura, amma in ka mintsine shi zai ji. Ka zana wannan a jadawali mai gida biyu da hannunka, kada ka kwafa na wani.

Karkacewar baki ma haka. In jijiya ta 7 daga cikin masu fita daga kai ce ta samu matsala, ɓarin fuskar gaba ɗaya ya tafi, ba ya iya rufe ido, ba ya iya tattare goshi. In daga ƙwaƙwalwa ne, goshi yakan tsira, don ɓangarori biyu ne ke aiko masa saƙo.

Wadda nake so ka fi ba muhimmanci ita ce sayatik, mafi kaurin jijiya a jiki, daga jijiyar kwankwaso ta huɗu (L4) zuwa ta ƙashin mazauni ta uku (S3), tana ratsa mazauni ta gangara bayan cinya. Ita ce ake sokewa a allurar da ake yi barkatai, yaro ya tashi yana jan ƙafa, tafin ya ƙi ɗagowa, wani har abada. Ka raba mazauni gida huɗu, allura a gidan sama na waje kawai. Jariri kuwa a gaban cinya ta gefen waje. Wannan za a tambaye ka a takarda, kuma za a sa maka sirinji a hannu ranar da ka fara aiki. Irinta a hannu ita ce radiyal, tana zagaye ƙashin damtse, don haka ɗan acaɓan da ya karye a nan ka duba ko yana iya ɗaga wuyan hannu. Ta numfashi kuwa daga jijiyoyin wuya C3, C4 da C5 take, shi ne dalilin da karayar wuya ta sama ke tsayar da numfashi.

Fiziyolojin saƙo gajere ne, kada ya cinye maka mako. Jijiya a hutu, cajin lantarkin cikinta yana wajen -70 milibolt. In ta kai wajen -55, ƙofofin sodiyam su buɗe ya shiga, ta haura zuwa wajen +30, sai fotasiyam ya fita ta sauko. Famfon da ke riƙe bambancin yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2. Ɗalibai suna yawan juya waɗannan lambobi biyu. Ka zana layin hawa da saukar nan sau goma ba tare da kallon littafi ba.

Ɓangaren da ke aiki ba da saninka ba, wato simfatetik da farasimfatetik, ka koye shi ta fiya-fiya. Manomin da ya yi feshi ba kariya, ko yaron da ya sha a kuskure, za ka gan shi yawu na dalala, hawaye, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, zuciya ta rage gudu, ƙirji ya cika da majina. Gubar ta hana a rushe asitilkolin ne, sinadarin da jijiya ke miƙa saƙo da shi, sai ya taru, farasimfatetik ya wuce gona da iri. Shi ya sa ake ba da aturofin, maganin da ke tare aikin sinadarin. Ka juya yawancin alamomin nan, ka samu simfatetik: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, zuciya ta yi sauri, hanji ya lafa.

Maganar wuta kuma, wannan babin ba ya son dare. Bayan asuba ka karanta shafi uku ko huɗu kawai, ka rufe littafi, ka zana abin a bayan tsohuwar takarda ko a ƙasa da tsinke, sannan ka buɗe ka ga inda ka ɓata. Ka maimaita zanen washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako. Ranar kasuwa ka je wajen mahauci ka roƙe shi ya fasa maka kan rago a tsanake. Za ka ga tantanin, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai kula da daidaiton tafiya, da inda laka ta fita. In ka yanka lakar a gicciye, toka-tokan yana ciki, farin yana waje, akasin ƙwaƙwalwa. Sai dai kada ka ɗauko lissafin dabba: haƙarƙarin rago tagwaye 13 ne, namu 12, tumbinsa kuma gida huɗu ne.

Mako biyun ƙarshe ka bar sabon karatu. Ku haɗu ku uku da tsofaffin tambayoyin makarantarku, ɗaya ya faɗi alama, misali "ba ya iya rufe idon dama, goshinsa ba ya motsi", sauran su faɗi jijiyar da inda ta lalace. Wanda ya kuskure shi zai zana ta a gaban sauran. Allah ya ba da sa'a.