Tambaya da Amsa: Ziyarar Ƙauyen Santa Maddalena a Duwatsun Italiya

Tambaya: Ina karatu a birnin Bolonya na Italiya, mahaifiyata za ta zo mini ziyara. Ina son in kai ta ƙauyen Santa Maddalena da ke kwarin Funes, amma tana da hawan jini, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka, ki kwantar da hankalinki. Ƙauyen yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,300, kuma ba sai Hajiya ta hau dutse ba. Daga bakin hanya ma za ta hango tsaunukan Odle tsaye bayan 'yar majami'ar garin, ga makiyaya kore shar. Suna cikin duwatsun Dolomiti da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Ku hau jirgin ƙasa zuwa garin Bressanone, daga nan bas za ta kai ku. Ku je tsakanin Yuni da Satumba, ku fita da safe, domin hadari yakan taso da la'asar ba sallama. Ta ga likitanta kafin ta taso, maganinta kuma ya zauna cikin jakar hannu. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Ki kula da abinci. Mutanen yankin, waɗanda Jamusanci ya fi yawa a bakinsu, suna ji da speck, naman alade ne da aka busar da hayaƙi, kuma sukan yayyanka shi cikin curin burodin da ake kira canederli. Ki tambaya kafin a zuba muku.

Tambaya: Wani dillali ya ce in kawo naira miliyan biyar zai samo mini bizar yawon buɗe ido ba tare da na je ko'ina ba, wai in na gama ganin duwatsu sai in nemi aiki. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi ko sisi, Malam. Tun 2024 kuɗin bizar Shengen (bizar shiga rukunin ƙasashen Turai da Italiya ke ciki) na babban mutum Yuro 90 ne, sai kuɗin cibiyar karɓar takardu, sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000. Ka lissafa da canjin yau, ka tambaye shi ina sauran kuɗin za su. Mai neman biza karon farko dole ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa. Duk wanda ya ce zai tsallakar da kai wannan, ko dai takardar jabu zai liƙa maka a fasfo, ko ya kashe waya.

Abin da ke ƙona mini rai, wasiƙu irin taka ba sa yankewa. A sayar da fili, uwa ta cire sarƙar zinarenta, a miƙa wa mutumin da ko ofishi ba shi da shi. Sai ya haɗa shaidar banki ta ƙarya da ɗakin otal da ba a biya ba, ya sa sunanka. Idan ofishin jakadanci ya gano, ba dillalin za a hana ba, kai za a hana, kuma bayanin yana shiga rumbun da sauran ƙasashen Shengen ke dubawa. Sannan ka ji da kyau: wannan biza kwana 90 ce iyakarta cikin kwana 180, kuma ba ta halatta aiki. Wanda ya wuce wa'adi ya zama mai ɓuya. Idan duwatsun kake son gani, ka cike takardunka da kanka, da shaidar bankinka ta gaskiya. Idan aiki kake nema, wannan ba ƙofarsa ba ce.

Tambaya: Takalmin fata na zuwa ofis zai yi?

Amsa: Haba! A kan tsakuwa da jiƙaƙƙiyar ciyawa? Ka nemi takalmin hawan dutse mai ƙasa mai gargada. Gwanjo mai kyau na Ƙofar Wambai ya fi sabon jabu da aka manna masa sunan babban kamfani, wanda ƙasansa zai ɓalle a rabin hanya. Ka taka shi mako biyu a gida kafin tafiya, ka haɗa da rigar ruwa da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne.