Faifai ko Fim ɗin Saukewa: Wanne Ya Fi Kyawun Hoto da Sauti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi babbar talabijin mai 4K, wato mai hoto tar-tar sosai. Abokina ya ce fim a faifai ya fi wanda ake saukewa daga intanet kyau, alhali duka biyun 1080p aka rubuta musu. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka yana da gaskiya, amma sai mun san wane faifai yake nufi.

In DVD ne, to bai kai ba. Hotonsa ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, alhali 1080p na nufin ɗigo 1080 a tsaye, kuma a babbar talabijin irin taka zai fito dishi-dishi. Balle faifan kasuwa da ake cusa wa fina-finai goma ko fiye a cikin gigabait 4.7 ɗin nan. Fim ɗin 1080p da aka sauke daga kamfani na halas ya fi su nesa ba kusa ba.

Blu-ray, faifan da ya fi DVD ɗaukar bayanai, shi ne ke da magana. Abin da lambar 1080p ba ta faɗa maka ba shi ne yawan bayanan da ke gudana a kowace daƙiƙa. Blu-ray na ɗaukar gigabait 25 ko 50, hotonsa yana iya kai megabit 40 a daƙiƙa. Na 4K da ya fito a 2016 yana kai gigabait 100. Netflix kuwa megabit 15 a daƙiƙa yake nema don ka kalli 4K. Fim ɗin da aka matse ya koma gigabait 2 dole an zubar da wani abu a ciki, kuma za ka gane hakan a wurin duhu, hayaƙi, ruwan sama ko guje-guje: baƙi ya rarrabu layi-layi, fuska ta yi sumul kamar an goge ta.

Sauti ma haka. Blu-ray na zuwa da tsarin sauti na Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗanda ba a rage musu komai ba, na intanet kuma galibi Dolby Digital Plus ne da aka matse. Sai dai in da lasifikar talabijin kaɗai kake saurare, da wuya kunnenka ya ji bambancin.

Shawarata: fim ɗin da kake so ƙwarai, ka nemi Blu-ray ɗinsa in kana da na'urarsa. Sauran kuma ka sauke, amma ka riƙa duba girman fayil kafin ka duba lambar da aka rubuta a kansa.