Me Ya Karya Rommel a Hamadar Masar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha jin ana yabon Erwin Rommel na Jamus da gwanintar yaƙin hamada a Yaƙin Duniya na Biyu. To, yaya aka yi aka ci shi da yaƙi a El Alamein a 1942? Dabararsa ce ta gaza?

Amsa: Wa alaikumus salam. Iya yaƙi kam babu mai musanta masa, amma a ganina ya tafka kuskurensa wata huɗu kafin wannan gumurzu. A watan Yunin 1942, bayan ya ƙwace garin Tobruk na Libiya, shirin da aka tsara shi ne ya dakata a fara kama tsibirin Malta, inda dakarun Birtaniya ke fitowa suna nutsar da jiragen ruwan Italiya masu kawo masa mai da harsasai. Kesselring, babban kwamandan Jamus a yankin Bahar Rum, ya so a bi shirin, amma Rommel ya shawo kan Hitler ya ƙyale shi ya nausa Masar.

Daga nan nisa ya fara cin ƙarfinsa. Babbar tashar jiragen ruwansa, Tarabulus ta Libiya, ta koma fiye da kilomita 2,000 a bayansa, titi ɗaya ne kuma ya bi gaɓar teku, ga shi motocin dakon mai suna shanye kaso mai tsoka na abin da suka ɗauko kafin su iso. Abokan gabarsa kuwa kilomita 100 ne kacal, ko kusan haka, tsakaninsu da Iskandariya, suna da layin dogo, suna kuma warware saƙonnin sirri na Jamus da Italiya, har sukan san ranar da jirgin mai zai taso. Inda Jamusawa suka fi su shi ne mazubi: jarkarsu ta ƙarfe mai cin lita 20 ba ta yoyo, gwangwanin Birtaniya kuwa yakan tsage man ya tsiyaye cikin yashi.

Ƙarancin mai na cikin abin da ya daƙile harin Rommel a tudun Alam Halfa, kusa da El Alamein, a ƙarshen Agusta. Montgomery, kwamandan dakarun Birtaniya a fagen, wanda ake zargi da jan ƙafa, ya ƙi motsawa sai da kayan yaƙinsa suka cika, sannan ya kai farmaki a El Alamein ranar 23 ga Oktoba. Da aka fara fin ƙarfin Rommel, Hitler ya ba da umarnin kada a ja da baya ko taku ɗaya, abin da ya jinkirta janyewar da kwana guda, kuma da aka janye, dubban sojojin ƙasa na Italiya da ba su da motoci aka bari a hamada har aka kama su.