Ku Tambaya Kafin Ku Saya: Kwandon Mile 12 da Wayar Bakin Gada

*Malam, wani yaro a gindin gadar Ikeja ya yi mini tayin iPhone a rabin kuɗin da ake sayarwa a kasuwar wayoyi ta Computer Village. Ya ce matsi ne ya sa. In saya? Daga mai gadi, Obalende.*

Kai ma ka san amsa, so kake in taya ka rufe ido. Araha ba ta ado. In ta sata ce, a hannunka za a kama ta, yaron kuma ba shi da shagon da za ka nuna. In dole sai ta hannu, shiga shago mai lamba, danna *#06#, a rubuta maka lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, a rasit. Bayan ka gwada kada ka bari a ce bari a sa maka ita a kwali, a nan ake musanya.

*Na sayi kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 wurin wani ɗan garinmu. Sama jajir, da na juye a gida kusan rabi ya ruɓe. Da na koma ya ce haka ya zo daga Arewa. Maigidana ya ce in bar maganar, kada a ji kanmu a garin mutane. Daga mai sayar da abinci, Agege.*

Hajiya, rabin maganar mai tumatirin gaskiya ce. Tumatirin da ya taso daga Kadawa ko Jos, kwando kan kwando a bayan tirela, ya kwana yana hanya cikin zafi, dole na ƙasa ya farfashe. Amma wa ya fi shi sanin haka? Ai shi ya sa fasasshe yake da nasa farashin daban, har masu nemansa gare shi. Wanda ya tsince masu kyau ya jera a sama, ya karɓi kuɗin lafiyayye, algus ya yi.

Kuma uzurin nasa tsoho ne. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan "ɗan garinmu". A Legas mun mai da zumunci mayafin cuta. Bayarabiya za ta sa a juye mata kwando a gabanta, ta duba har gindi, ba wanda zai ce uffan. Ke kuwa da kin nemi haka sai a ɓata fuska: "Haba Hajiya, ni zan cuce ki? Wallahi..." Da na ji rantsuwa ta kai uku, nakan mai da kuɗina aljihu. Ni kaina na shekara ina awon shinkafa wurin wani dattijo mai carbi, sai ranar da gwangwanin derikarsa ya faɗi na ga an buga gindinsa ya shige ciki kusan yatsa guda. Gaisuwa muke har yau, awo ne dai na daina.

Ki ba maigida haƙuri, ki kai maganar wurin shugabannin 'yan tumatir na kasuwar. Sulhu irin wannan aikinsu ne, kuma ba tonon asiri ba ne. Akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye, LASCOPA ta jihar Legas da FCCPC ta tarayya, amma su shaida suke nema, tumatir kuma ba ya jiran takarda. Nan gaba a juye a gabanki, ko da za ki biya ɗan dako.

*Wata biyu ke nan da buɗe ɗan shagona. Jiya na lura madarar gwangwani da na sayar wa maƙwabta kwananta ya wuce. Ban yi barci ba. In na faɗa, ba za su guje ni ba? Daga sabon ɗan tireda, Idi-Araba.*

Ɗana, kwantar da hankalinka, rashin barcin nan alheri ne. Bi su gida-gida yau, ka karɓo, ka mayar musu da kuɗinsu, ka tambaya ko an ba yara. Wata za ta yi faɗa, ka shanye. Sauran katan ɗin ka mayar wa dilan da ya ba ka, kuma daga yau duba kwanan wata da lambar NAFDAC tun kaya suna kan baro, kafin su shiga shago.